Gurmi, Jitar Abzinawa ko Waƙar Indiya: Wanne Ya Fi Dacewa da Kewar Yammacin Bazara?

A ƙarshen watan Afrilu, lokacin da zafin rana a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yakan haura digiri 40, akwai wani ɗan lokaci bayan la'asar sakaliya da gari yake yin laushi ba tare da ya yi sanyi ba. Bango yana ci gaba da fitar da zafin da ya sha tun hantsi, an yayyafa ruwa a tsakar gida ƙura ta kwanta, shamuwa ta riga ta dawo kan itatuwa, hadari kuma yakan haɗu a gabas ya yi baƙi ƙirin, sannan iska ta taso ta watsa shi ba a samu ko ɗigo ba. A irin wannan lokaci ne kewa takan sauko wa mutum ba tare da ya iya nuna takamaiman dalilinta ba. Wani yakan tuna garin da ya baro, wani gidan da ya tashi a cikinsa wanda yanzu an raba gado an sayar, wani kuma abokin ƙuruciya da suka daina jin ɗuriyar juna ba don faɗa ya shiga tsakaninsu ba. Wanda ya saba da wannan yanayi yakan nemi waƙar da za ta taya shi zama, kuma a nan ne zaɓi yake wahala, domin waƙoƙin da ake kira na baƙin ciki suna da yawa, amma kaɗan ne daga cikinsu suka dace da wannan zama.

Dalilin haka shi ne kewa daban take da alhini, daban kuma take da takaici. Alhini na wanda aka yi wa rasuwa ne, takaici na wanda aka zalunta ko aka yaudara ne, ita kuwa kewa tana da ɗan zaƙi a cikinta, shi ya sa mai yinta ba ya son a kore masa ita, so yake a bar shi da ita na ɗan lokaci. Saboda haka abubuwa uku nake dubawa idan zan auna waƙa domin yammacin bazara. Ina duba yawan kayan kiɗan da ke cikinta, ina duba ko kiɗan yana gaggawa ko yana tafiya a hankali, sannan ina duba ko mai sauraro yana jin harshen da aka yi waƙar da shi, domin wannan na ƙarshe yana sauya komai fiye da yadda ake zato.

Zan fara da na gida, wato kiɗan tsirkiya na Hausa, kuma a cikinsa gurmi ne ya fi kusa da abin da ake nema. Ɓarin ƙaramin duma ne aka rufe da fata, aka soka masa sanda, aka ɗaura tsirkiya biyu ko uku, mutum ɗaya yana kaɗawa yana waƙa. Sautinsa ba ya tashi sama sosai, yana da ɗan kauri da dishi-dishi, kuma makaɗin yakan kama zubi ɗaya ya yi ta maimaita shi har kunne ya daina bin kiɗan ya koma kan magana. Marigayi Haruna Uji na Haɗeja shi ne wanda mafi yawan mutane suke tunawa idan an ambaci gurmi, kuma waƙoƙinsa na soyayya, waɗanda yake kiran mace da sunanta yana roƙo yana magiya, suna cikin abin da ya fi dacewa da wannan lokaci a duk abin da aka ɗauka a faifai da Hausa. Ba ya kuka a cikin waƙa, ba ya kuma ɗaga murya don ya nuna zafin abin. Yana magana ne kamar mutumin da ya zauna a ƙofar gida yana faɗa wa amininsa abin da ke damunsa, kuma wannan natsuwar ce take sa waƙar ta shiga jiki. A Nijar akwai marigayi Malam Mamman Barka, wanda ya yi suna da gurmi tun kafin ya koma kaɗa biram, wani kayan kiɗa mai tsirkiya na masuntan Tafkin Chadi, kuma duk wanda ya tashi yana sauraron rediyon Nijar zai ji muryarsa ta mayar da shi shekarun baya.

Mutane da yawa za su yi tsammanin Ɗan Maraya Jos ne zai zo farko, ko don sunansa kaɗai. Gaskiya ne cewa Ɗan Maraya, wato Adamu Wayya, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya rasu a watan Yuni na 2015, ya tashi ba uwa ba uba, kuma ya ƙare rayuwarsa yana yi wa talakawa waƙa, daga yaran mota zuwa ma'aurata da leburori. Amma kuntigi, wanda gwangwanin kifi ne aka rufe da fatar akuya aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya, sautinsa siriri ne mai kaifi, kuma Ɗan Maraya yana kaɗa shi da sauri, kalmominsa na bin juna kamar ruwan sama a kan kwano. Yawancin waƙoƙinsa gargaɗi ne da jan kunne, suna farkar da mutum su sa shi murmushi ko ya gyara hali. Wannan babbar baiwa ce, sai dai ta fi dacewa da hantsi ko tafiyar mota. Wanda ya nace sai shi a yammacin bazara, to ya zaɓi waɗanda yake magana a kan maraici da halin duniya, ya bar na barkwanci zuwa wani lokaci. Kukuma ma haka take. Tana da sautin da ya fi kowane kayan kiɗan Hausa kama da kukan mutum, tun da izgar doki ce ake gogawa a kan izga, amma manyan makaɗanta irin su Ibrahim Na Habu da Garba Supa da Hassan Wayam sun fi yin ta domin biki da rawa, da kalangu ko ƙwarya a bayanta, don haka da wuya ta bar mutum ya zauna shiru.

Babban abokin karawar gurmi a wannan fage, a ganina, jitar Abzinawa ce, kuma ita ce ta fi cancanta a tsaya a kanta. Su da kansu suna kiran wannan kiɗa da sunan asuf, kalmar Tamashek, wato harshensu, da take nufin kewa da kaɗaici da begen gida, har ma da duhun da ke bayan hasken wutar zango. Ke nan abin da muke nema a yammacin bazara shi ne ainihin sunan kiɗan. Asalinsa ma daga rabuwa ya fito. Farin 1973 da na 1984, waɗanda dattawan ƙasar Hausa ma ba su manta da su ba, sun kashe dabbobin makiyayan arewacin Mali da Nijar, samari suka watsu zuwa Aljeriya da Libiya neman abin yi, aka riƙa kiransu ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marasa aikin yi. A cikin waɗannan samari ne ƙungiyar Tinariwen ta fito a wajejen Tamanrasset a ƙarshen shekarun 1970, ƙarƙashin Ibrahim Ag Alhabib, wanda aka kashe mahaifinsa a tawayen 1963 a yankin Kidal yana ƙaramin yaro. Shekaru da dama waƙoƙinsu a kaset suke yawo daga hannu zuwa hannu, kafin duniya ta san su har su ci kyautar Grammy a 2012 da faifansu mai suna Tassili. A Nijar kuma marigayi Abdallah ag Oumbadougou ne ya share wannan hanya, sannan Bombino na Agadas ya biyo baya.

Kunnen Bahaushe ba ya baƙunta a wannan kiɗa. Akwai jagora da 'yan amshi kamar yadda muka saba, akwai tafi, akwai zubi ɗaya da ake juyawa ana komawa kansa, tafiyarsa kuma tana rangaji irin na raƙumin da ba a kora shi ba. Dangantakar ma ba ta tsaya a kunne ba, domin Mdou Moctar, wanda yanzu yake cika manyan dandamali a Amurka da Turai, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, da irin gyaran murya na na'ura da ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta katin waya waƙoƙin suka bazu a cikin Sahara. Amma a nan akwai gargaɗi ga mai zaɓi. Kiɗan Abzinawa kashi biyu ne. Akwai na jitar lantarki mai ƙara da ganguna, wanda ake yi a bukukuwan Agadas kuma shi ne Mdou Moctar ya fi yi a 'yan shekarun nan, akwai kuma na jitar katako da ake kaɗawa a zaune, da tafi ko ƙwarya kaɗai. Na farkon yana tayar da jini, bai da wurin zama a yammacin da ake magana a kai. Na biyun ake nema. Tassili yana cikinsa, tun da a fili aka ɗauke shi a hamadar kudancin Aljeriya kusa da Djanet, mafi yawansa da jitar katako. Haka kuma faifan farko na 'yan matan Illighadad, wani ƙauye a jihar Tawa, wanda ya fito a 2016, inda a ɓangare ɗaya na faifan Fatou Seidi Ghali take kaɗa jita a hankali a sarari, ɗaya ɓangaren kuma tande ne, wato turmin da aka rufe da fatar akuya mata suna kaɗawa suna waƙa.

Idan aka ajiye gurmi da jitar Abzinawa gefe da gefe, bambancin da ya fi girma na harshe ne. Waƙar gurmi tana zuwa da labarinta, da sunan wadda ake bege, da garin da take, da abin da ya raba su. Mai sauraro yana jin kowace kalma, saboda haka dole ya bi mawaƙin zuwa inda ya nufa, kuma idan labarin ya yi kama da nasa, to babu abin da zai kai ta ratsa zuciya. Idan kuwa bai yi kama ba, sai ya zama ɗan kallo, yana jin daɗin azancin amma kewarsa tana gefe ba a taɓa ta ba. Waƙar Tamashek ga wanda ba ya jin harshen ba ta tilasta masa komai. Muryar tana nuna masa cewa ana kewa, amma ba ta faɗa masa ta wa ake yi ba, sai ya cika gurbin da nasa mutanen da nasa garin. Shi ya sa nake ganin wanda ya san abin da yake kewa, musamman idan mutum ne guda mai suna, gurmi ya fi masa. Wanda kuwa abin ya lulluɓe shi bai san bakinsa ba, ko kuma yana zaune a Legas ko Kumasi ko Jidda yana tuna gida gaba ɗaya, jitar Abzinawa ta fi ba shi fili. Akwai kuma bambanci na biyu wanda ba ƙarami ba ne. Yawancin waƙoƙin gurmi tsofaffin ɗauka ne daga rediyo ko kaset, da shuu a bayansu, wani lokaci ma an yanke farko ko ƙarshe, alhali na Abzinawa na baya-bayan nan an ɗauke su da kayan aiki masu kyau. Ni dai wannan shuu ɗin ba ya damuna, yana ma ƙara mini jin cewa daga nesa muryar take zuwa, amma matashin da ya tashi da sauti tas zai iya gajiya da shi kafin waƙa ta kai rabi.

Na uku su ne tsofaffin waƙoƙin finafinan Indiya, waɗanda suka shigo ƙasar Hausa ta gidajen silima tun kafin a haifi yawancin masu karanta wannan rubutu, suka zauna har mawaƙan bandiri a Kano suka riƙa aron karinsu suna begen Annabi da shi. Mukesh, wanda ya rasu a 1976, shi aka fi sani da waƙar karayar zuciya, Mohammed Rafi ya rasu a 1980, Lata Mangeshkar kuma ta rayu har Fabrairun 2022. Indiyawa sun san irin wannan yammaci sarai, domin su ma suna da watannin zafi da ake zuba ido ana jiran ruwa, kuma a kiɗansu na gargajiya kowane kari yana da lokacinsa. Akwai wanda ake kira Yaman na farkon dare, akwai Malhar na saukar damina, kuma an gina waƙoƙin fim masu yawa a kansu. Wannan ya sa wasu daga cikin waƙoƙin suke zama daram a kan yanayin bazara kamar don shi aka yi su.

Duk da haka ina sanya su a bayan biyun farko, saboda dalili ɗaya. Waƙar fim ɗin Indiya ba ta barin gurbi. Goguna ne masu yawa suke tashi tare, sarewa ta amsa, murya ta hau can sama ta sauko, duk an shirya su domin su sa ɗan kallo hawaye a daidai wurin da labari ya kai. Wannan ya fi kusa da takaici da alhini fiye da kewa, kuma a cikin zafin da ko mafici ba ya maganinsa, yawan sautin yakan yi wa kai nauyi. Amma akwai mutanen da wannan hukunci bai shafe su ba, wato waɗanda ƙuruciyarsu take cikin waƙoƙin. Wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon direban babbar mota, yakan fito da tabarma da ƙaramar rediyonsa mai cin katin waya ya kunna Mukesh ƙasa-ƙasa. Na taɓa ce masa, "Baba, kana jin abin da yake faɗa kuwa?" Ya ce, "Ɗana, ba shi nake saurare ba, waɗanda muka shiga silima tare nake tunawa, kuma saura mu biyu." Ga irinsa, babu gurmi ko jitar da za ta yi wannan aiki, kuma duk wanda shekarunsa suka kai haka ba ya bukatar shawarata.

Waƙoƙin Sudan sun cancanci ambato ko da a taƙaice. Karinsu a kan sautuka biyar yake tafiya kamar yawancin kiɗanmu, shi ya sa suke shiga kunne da wuri, kuma Aisha al-Falatiya, wadda take cikin matan farko da suka yi waƙa a rediyon Omdurman, asalin gidansu daga ƙasarmu ne. Muryar Mohammed Wardi, wanda ya yi shekaru yana gudun hijira kafin ya koma gida ya rasu a 2012, tana da kewar ƙasa mai zurfi, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a can a watan Afrilun 2023 sauraronsa ya ƙara nauyi. A nemi waɗanda ya yi da garayar Larabawa shi kaɗai, a bar na babbar ƙungiyar makaɗa. Su kuwa waƙoƙin rabuwa na zamani da ake haɗawa a situdiyo da fiyano, kalmominsu sukan yi kyau ƙwarai, amma ganga iri ɗaya ce take bugawa a ƙarƙashin ta murna da ta baƙin ciki, kuma wannan bugun ba ya barin yammaci ya lafa.

Akwai kuma mai karatun da duk abin da na ambata bai shafe shi ba, domin ba ya sauraron kiɗa saboda addini, ko kuma kewarsa ta waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ce, yana jin bai dace ya tuna da su da waƙar soyayya ba. Shi ma yana da abin da ya fi duk waɗannan nauyi, wato Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon malamin Zariya da ya rasu a 1990, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama da digirin girmamawa. Murya ce kaɗai ba kayan kiɗa, da kari mai tafiya a hankali wanda makafi da almajirai suka daɗe suna rerawa a ƙofofin gidaje, tana magana a kan begen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ruɗin duniya, da mutuwa da kwanciyar kabari. Ta cika sharuɗɗa biyu na farko fiye da kowace waƙa, tun da babu kiɗan da zai cika kunne kuma babu gaggawa. Sai dai ya kamata mai zaɓi ya san cewa ba za ta bar kewarsa yadda ta same ta ba. Za ta ɗauke ta daga tunanin gida da ƙuruciya ta mayar da ita tunanin lahira, mutum ya tashi jikinsa ya yi sanyi yana istigfari. Idan abin da ake so ke nan, babu kamarta, kuma ita kaɗai ce a cikinsu za a iya saurare har dab da kiran sallar magariba ba tare da an ji wani iri ba.

Abin da za a saurara da shi ma yana shiga cikin zaɓin. Lasifikar waya tana cinye kaurin sauti, saboda haka kuntigi da murya zalla suna fita lafiya a cikinta, gurmi yana rasa rabin daɗinsa, goguna masu yawa na Indiya kuma sukan cakuɗe su zama ƙara. Ƙaramar rediyo mai cin kati ko ƙaramar lasifika ta fi, kuma a bazara dole a rage sauti, domin kowa a waje yake, maƙwabci yana kwance a bayan katanga ɗaya da kai, wani ma da jariri ko marar lafiya.

Nawa tsarin, bayan shekaru ina gwadawa, ya tsaya a kan lokaci. Daga la'asar sakaliya zuwa lokacin da rana ta yi ja, gurmi nake sawa, domin a lokacin akwai sauran hayaniyar gida da ta unguwa, kuma waƙar da ake jin kalmominta ta fi iya riƙe hankali a cikin hayaniya. Da almuru nakan kashe komai. Bayan isha'i, idan an ɗauke wuta, unguwa ta yi tsit, walƙiya tana gilmawa can nesa a gabas ba a jin tsawarta, sai in koma kan jitar katako ta Abzinawa. Wanda zai zaɓi guda ɗaya tak kuma bai taɓa gwada ko ɗaya ba, ina ba shi shawara ya fara da ita, ya ba ta dare uku kafin ya yanke hukunci, domin a daren farko maimaicinta yakan yi wa sabon kunne kama da abu ɗaya, sai a na biyu ko na uku ake fara jin ƙananan sauye-sauyen da yatsun makaɗin suke yi a cikin zubin. Idan ruwan farko ya sauka, ƙamshin ƙasa ya tashi, manoma suka fita shuka da asuba, wannan kewar takan tafi da kanta, ni ma nakan ajiye waɗannan waƙoƙi sai wata bazarar idan Allah Ya kai mu.